Na Ba Wani Waƙar Innata

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da wannan abu ya faru ni malamin firamare ne a Sakajiki, ga ni da i'ina mai tsanani, irin wadda in na fara gaisuwa sai mutum ya ƙarasa mini. Shekara tara ina rubuta wa wani abokina waƙa, mawaƙi ne a Kaura. Shi ke shiga sitidiyo, shi ake kira biki. Ni kuwa ina da wata tsohuwar jita da na saya a kasuwar Shinkafi, sai na rufe ɗaki nake kaɗa ta. Na san in ina rera waƙa harshena ba ya sarƙewa, amma tsoron dariyar mutane ya hana ni fita.

Wata damina kaina ya ƙafe, abokina kuma ya matsa yana son sabuwar waƙa. Sai na ɗauki wadda Innata ke yi in tana daka, wadda ta tsara wa yayana da ya rasu yana ƙarami, na sauya baiti biyu na miƙa masa. Ban nemi izininta ba. Waƙar ta karɓu, har 'yan kabu-kabu na sa ta a waya. Ranar da aka yi hira da shi a rediyo ina zaune kusa da Inna tana tsintar wake, ya ce wata budurwa ce ta sa shi tsara waƙar. Inna ta ajiye faifan. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye ni ko ni na kai masa, na amsa. Sai ta ce ita ba ta hana a rera ba, amma da ni ɗanta ne na rera, da na san wanda ake yi wa kukan. Daga ranar shiru take dakanta.

Na je na faɗa wa abokina gaskiya. Allah Ya sa mutumin kirki ne, kunya ta kama shi, ya ce shi ma ba zai ƙara rera ta ba, in fito in rera abata. Shi ya haɗa ni da wani dattijo mai gurmi daga Galadi da wani mai ganga, ya ara mini jita mai lantarki. Muka yi wata huɗu muna gwaji. Bayan kaka manoma suka yi taro a Zurmi, na hau dandamali da la'asar. Kafin in iya faɗin cewa waƙar mahaifiyata ce, wasu sun fara dariya. Da gurmi ya shigo na buɗe baki, sai wuri ya yi tsit. Na rera ta yadda take tun asali. Inna na cikin mata. Da na sauko ba ta yabe ni ba, sai ta ce na yi kure a baiti na uku, ta rera mini daidai a gaban kowa.

Yanzu, alhamdu lillahi, ana kiran mu taro har Shinkafi, ban kuma bar koyarwa ba. Amma har gobe ina jin nauyin abin da na yi. Jan hankalina ga masu rubuta waƙa: kafin ku ɗauki waƙar tsofaffi ku tambayi mai ita, ko da uwarku ce. Wata waƙar kabari ne a bayanta.