Bugu Biyu-Biyu

Ban taɓa mantawa da wata Talata a zangon karatu na biyu ba, ina aji biyar, wata guda ke nan da aka ba ni aikin buga ƙararrawa a makarantarmu ta Moduganari. Ku da za ku gaje ni kun san ƙararrawar, tsohon ƙarfen tayar motar nan da ke rataye a darbejiya. Bugu ɗaya canjin darasi ne. A shekarun rikici aka ƙaro biyu-biyu, ma'ana kowa ya kwanta a inda yake, kuma ba a buga shi sai da umarnin malami.

Sha ɗaya saura na fito da sandar ƙarfe. Ban kai gindin bishiyar ba ƙasa ta girgiza. Kunnena na dama ya toshe, na hagu yana ta shiii. Sai harbi, ta-ta-ta! Sojoji da mahara sun haɗu a wani wuri kusa, amma ina? Ƙarar tana dukan benen makaranta tana dawowa, kowa ya ɗauka daga babbar ƙofa take. Ƙura ta cika mini baki, ga warin taya mai ƙonewa. Takalmi ɗaya na gani a tsakiyar fili, ba mai shi.

Malam Bukar, malamin lissafi, ya kwaso 'yan aji ɗaya yana ihu: "Ƙofar baya! Ku bi ni!"

Ni kuwa tankin ruwa nake kallo. Ruwa na tsartuwa daga huda uku, duk a gefen da ke fuskantar ƙofar baya. Ashe daga can harsashin ke zuwa, can kuma yaran suka nufa!

Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Dama ko a aji ba a cika jin ta ba. Sai na ɗaga sandar. Biyu-biyu, biyu-biyu. Ban ji ƙarar sosai ba, a wuyan hannuna kawai nake jin ta.

Yaran suka zube ƙasa tun kafin su yi tunani, don an sha gwada mana. Malam Bukar ya rarrafo yana huci.

"Ke Falmata! Wa ya sa ki?"

Na nuna masa tankin. Ya duba, ya sake dubawa.

"Innalillahi! Ci gaba, 'yata, kada ki tsaya!"

Ban san tsawon lokacin da na yi ina bugawa ba. Da harbin ya lafa, sai da Malam ya ɓamɓare yatsuna daga sandar. Aka kira suna aji-aji, kowa ya amsa.

Washegari shugabar makaranta ta ce na karya doka, sannan ta sauya dokar: mai ƙararrawa na iya buga biyu-biyu ba sai da umarnin malami ba.

Abin da na koya shi ne, a irin wannan rana kunne yana ruɗin mutum, har manya. Don haka wadda ta karɓi sandar nan, kafin ta buga, ta duba. Tankin yana nan da facinsa uku.