Notin da Baba Ya Ce na Injin Niƙa Ne

Tun da cikina na fari ya shiga wata shida ba ni da fargabar da ta wuce motar Baba. Haihuwar ma ba ta ba ni tsoro kamar tafiyar ba. Gida za a kai ni, Safana, in haihu gaban iyayena, kuma Baba ya rantse jikansa ba zai hau babur tun yana ciki ba. Ku da kuka san hanyarmu daga Karare, kun san ba wurin da ake so mota ta mutu ba ne.

Baba mahaifin mijina ne, don haka sunansa ba zai fito daga bakina ba. Ai kun gane shi, mai tsohuwar motar nan ruwan toka da ta girmi mijina, wadda ya raɗa wa suna Hajiya. Kullum ya dawo masallaci da safe ita yake fara gaisarwa, ya tambaye ta kwanan gajiya, ya shafa mata goshi, sannan ya tuna yana da iyali. A gangara kashe ta yake yi don kada ta sha mai. In kuwa ta tsaya a hanya, kada ka kuskura ka ce ta lalace. Hutawa take yi.

Ni da shi ba ma magana kai tsaye, saboda kunya. In yana son ruwa sai ya dubi mota ya ce, "Hajiya, gaya wa 'yar mutanen Safana ƙishirwa ta dame mu."

Saura mako biyu tafiya ya kauce wa jaki ya daki suri, sandar sitiyari ta lanƙwashe. Ya samo wata a Batsari wurin masu tsofaffin kayan mota, da sitiyarinta mai kyau a jiki. Ya cire mai kyan ya ba Inna, matarsa, ta riƙa ɗora tulu a kai. Wai tsohon ne ya san hannunsa. To, tsohon ya ƙi shiga sabuwar sanda, haƙoransu ba iri ɗaya ba ne. Bakanike ya zo ya duba, ya ce ba zai yiwu ba. Baba ya tambaye shi shekarar da aka haife shi, ya ce a lokacin Hajiya ta riga ta cinye taya takwas, ya sallame shi. Kwana uku yana zaune da magagari, ya goga, ya gwada, ya yi tsaki. Rana ta huɗu ya ari taɓaryar Inna ya buga wa sitiyari har ya zauna. Ya mayar da murfin tsakiya, ya danna hon, kajin gida suka watse.

Ni kuwa duk kwanakin nan ina gefe ina ɓarar gyaɗa, idona na kansa. Na ga ranar da ya kwance wani ƙaton noti daga tsakiyar sitiyari, ban ga ranar da ya mayar ba. Da yamma ina shara na tsince shi a gindin turmi. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san abin da aka kwance ɗaure shi ake yi.

Na kai wa mijina. Malamin makaranta guda, mai tsawata wa aji guda su yi tsit, ya ce shi bai gaji da duniya ba tukuna. Inna ta ce in cire ta a ciki. Sai na ɗora notin a kan faifan da na rufe tuwon Baba. Ya ɗaga, ya juya shi, ya ce, "Hajiya, ki ce mata wannan na injin niƙa ne." Ya cillar. Na bi na ɗauka, na ƙulle a gefen mayafina.

Ranar tafiya muka fita da hantsi, Inna a gaba, ni a baya ina karanta duk addu'ar da na iya. Mun wuce Batsari kaɗan muka faɗa rami. Ina ɗago kai sai ga Baba riƙe da sitiyari a sama kamar mai tallan faifai, mota kuwa ta zaɓi hanyarta, ta gangara gonar gero ta tsaya. Abin da ya cece mu, gudun Baba ko akuya tana wuce shi. Inna na ta salati. Ba kowa a hanya, daji ya yi tsit, cikina ya ɗaure tamau.

Baba ya gyara hula ya ce, "Ni na cire shi, in duba."

Nan na ga in na biye wa kunya a gonar nan zan haihu. Ban dai dube shi ba. Na dubi bayan kujera na ce, "Hajiya, don Allah ki roƙar mini Baba ya gwada na injin niƙan nan." Na kwance mayafi na miƙa wa Inna notin ta ba shi.

Ya daɗe yana kallon notin. Sannan ya ɗauko sifana, ya ɗaura, ya fizgi sitiyari har sau uku bai motsa ba. Ya ja baya a hankali muka hau titi. A haka muka shiga Safana. Sai a ƙofar gidanmu, ina sauka, na ji shi ƙasa-ƙasa: "Hajiya, ashe ke da injin niƙa 'yan'uwa ne. Ki ce mata Allah ya raba lafiya."

Na sauka lafiya, mace. Da ya zo ɗaukarmu bayan arba'in, kafin ya tada mota ya buɗe murfin sitiyari, ya karkata jikinsa gefe don in hango notin daga baya. Ni kuwa na gyara wa jaririyata kwanciya.

Bara da damina ya rasu, zazzaɓin kwana biyu, yarinyar tana koyon rarrafe. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya kai haske kabarinsa. Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko da Baba ya taɓa korarsa don ya jingina da mota, ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku.