Fuskokin da Mubarak ya yi alkawarin ɓoyewa

Ina kwashe tuwon rana a gidan abincin da nake aiki a unguwar Al Sabkha ta Dubai sai wayata ta yi ƙara. Bitrus ne, abokin karatun ƙanina Mubarak, wanda suke ɗaki ɗaya a unguwar Al Qusais. Bai ko gaishe ni ba, ya ce, "Yaya Hajara, ki zo asibiti yanzu." Na ce, "Ciwon ne ya tashi?" Ya ce, "Ki dai zo." Daga nan na gane. Da sikila aka haifi Mubarak, mun saba da ya kwanta ya tashi, har na daina jin tsoron asibiti. Wannan karon bai tashi ba. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Ni karatuna bai yi nisa ba, don haka ku yi haƙuri da yadda zan faɗi abin da ke raina. Na riga shi zuwa Dubai, shi kuma ya biyo baya da tallafin karatun jami'a. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai hau jirgin ƙasa ya zo wurina. Ya ci, ya naɗe hannun riga ya kama mini wanke-wanke, ina hana shi saboda sanyin ruwa yana ba shi ciwo. Ko idonsa ya yi ruwan ɗorawa, in ka tambaye shi sai ya ce, "Shwaiya ne, Yaya," wato kaɗan ne, da Larabci. Ban taɓa jin ya ce ciwo ya yi yawa ba.

A shekararsa ta ƙarshe aka sa su wani darasi da ya ɗauke masa hankali. Ana ba ɗalibai matsalar tsaro ta gaske, su bi ta irin yadda masu kafa sabon kamfani suke yi. Yadda ya fassara mini, ba a zama a aji. Fita ake yi a tambayi waɗanda abin ya dama, a haɗa abin gwaji da sauri, in bai yi ba a jefar a sake. Wasu sun ɗauki tsaron tashar jirgin ruwa. Shi ya roƙi malaminsu ya bar shi da matsalar gida: ƙauyenmu, inda 'yan bindiga ke shiga kuma babu sabis da za a kira sojoji. Su uku ne a aikin, shi da Bitrus da wata yarinya mai hankali, Sadiya.

Ya riƙa cewa, "Yaya, kafin ka ƙera wa mutum abu, ka zauna ka ji wahalarsa." Haka ya dinga kiran mutanen gida ta bidiyo, duk wanda ya samu shiga gari inda akwai sabis. Da farko ba wanda ya yarda ya yi magana. A wurinmu, duk wanda aka ji yana da hulɗa da jami'an tsaro, gidansa ake fara nema. A gabana ya kira wani dattijo namu mai kwana gadin gari, na ji da kunnena yana ce masa, "Kawu, wallahi ba wanda zai ga fuskarka. Zan ɗauka ne don mu sake saurara, mu uku kawai." A kan wannan rantsuwar suka saki jiki da shi.

Abin da suka fara haɗawa jiniya ce mai ƙara. Ya zo yana murna, a cikin robar miyata ma ya haɗa ta. Da ya nuna wa wata uwa a gida, ta ce, "Ɗan nan, ai in ta yi kuka sun san gidan da take." Na zaci zai ji haushi. Dariya ya yi ya ce, "Khalas, shi ke nan, jiniya ta mutu. Gara ta mutu a Dubai da ta kashe mutum a gida." Suka koma suka yi ɗan ƙaramin abu da ake dannawa ba ƙara, saƙon ya bi daga ƙauye zuwa ƙauye har wurin sojoji. A kansa yake har ya kwanta.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Da Sadiya da Bitrus suka zo mini gaisuwa, sun zo da kwamfuta. Sun haɗa ɗan bidiyo da za su nuna ranar gabatar da aikin gaban alƙalai, don tunawa da shi. A tsarin darasin, wai dole a nuna mutanen da ke buƙatar abin suna faɗa da bakinsu. Ina kallo sai ga Kawu. Sai ga uwar nan.

Na ce, "Sadiya, me na gani haka?"

Ta ce, "Ai ba mu sa suna ba, Yaya."

Na ce, "Ga tsamiyar bakin tasha nan a bayansa. Masu kai wa 'yan bindiga labari a cikinmu suke, kuma suna da waya."

Ta rufe baki da hannu. Ba su san da alkawarin ba, domin yakan yi shi kafin ya fara ɗauka, kuma shi ne zai rufe fuskokin ya sauya muryoyin. Da ƙauna suka yi, ba na zarginsu ko kaɗan. Nan take suka goge. Amma Bitrus, yana kallon ƙasa, ya ce ya riga ya tura a zauren hira na waya na ajinsu da na ɗalibai 'yan ƙasarmu, don mutane su ga irin aikin da Mubarak ya bari.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan. Idan bidiyon nan yana wayarka, don girman Allah ka goge. Idan ka tura wa wani, ka kira shi yau. Kada ka sa a shafinka da sunan ta'aziyya. Tun ranar, duk kiran da ya shigo daga gida sai na yi addu'a kafin in ɗauka.

Sadiya ta damu cewa alƙalai ba za su yarda ba in ba su ga mutum ba. Na ce ni zan je. 'Yar ƙauyen ce ni, na san gudun dare da goyo, kuma ni ina nan nesa. Ban iya Turanci ba, Bitrus zai fassara. Roƙona ɗaya, a kashe kyamara, domin mahaifiyarmu, Inna, tana can ƙauyen.

Ya Allah, Ka ji ƙan Mubarak, Ka sa ciwon da ya ɓoye mana ya zama kankarar zunubansa, Ka haskaka kabarinsa. Ka ba Inna haƙuri, Ka dafa wa Sadiya da Bitrus su ƙarasa abin da ya fara. Mutanen da suka amince masa kuwa, ya Ubangiji, shi ya tafi bai samu ya rufe fuskokinsu ba. Kai Ka rufe su.