Baffa Nusret da Ƙaramar Ƙofar da ke Tsakaninmu

Ku gafarce ni da zan ɗauke muku lokaci a kwanakin da kowa ke fama da abin da ke ransa. Ni ba gwanar rubutu ba ce, amma akwai maganar da idan na haɗiye ta, na ci amanar mamaci da ta yarinya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, bayan azahar, Allah ya karɓi ran maƙwabcinmu Baffa Nusret Zukić, tsohon majemi a nan garin Visoko, yana da shekara saba'in da tara. A gindin bishiyar tuffarsa ya faɗi, da kwando a hannu. Washegari maza suka kai shi makwancinsa, mu mata muka zauna a ɗakinsa muna hailala.

Baffa, shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakaninmu, da ƙaramar ƙofar nan ta katako da kakanni suka bari don maƙwabta su riƙa miƙa wa juna garwashi da gahawa. Ta nan ka miƙo mana alherin da ban san darajarsa ba sai daga baya.

Autata Ilhana tana da shekara bakwai ƙodarta ta gaza. Sau uku a mako muke zuwa Sarajevo wankin ƙoda. Ruwan sha ma sai an auna mata a ɗan kofi. Aka sa mata roba a ƙirji, ta daina fita, ta daina magana, ranar asibiti kuwa sai ta ƙanƙame ƙafar gado. Na yi addu'a, na yi lallashi, na yi faɗa. Duk a banza.

A hunturun wannan shekarar ka tsinto wani baƙin kare a bakin kogi, mota ta take masa ƙafa. Ka kai shi aka yanke ƙafar aka ɗinke, ka sa masa suna Garo. Wata safiya ka buɗe ƙaramar ƙofa ka ƙwala kira: "Ina 'yar tsohuwar gidan nan? Zo ki ga wanda ya fi ki ɗinki, kuma ko a jikinsa!"

Ta leƙo. Ta daɗe tana kallon tabon. Sannan ta ce, "Kaka, yana yi masa ciwo?" Maganarta ta farko ke nan cikin kwana goma sha ɗaya. Na ƙirga.

Amma ni ban gode maka ba. Tun ina yarinya a makarantar masallaci aka koya mana cewa yawun kare najasa ne, kuma mala'iku ba sa shiga gidan da yake. Ga tsoron kada robar ta kwashi cuta. Na tsaya a gabanka na ce ka kwashe ƙazantarka daga kusa da 'yata. Haka na faɗa, ga dattijon da ya isa ya haife ni. Ba ka yi fushi ba. Ka ce, "Malama Sabaheta, gidanki naki ne. Garo ba zai taka shi ba, na yi alkawari. Nawa gidan kuwa, ni da mala'ikun za mu sasanta, mun saba."

Ka cika alkawari. Mako uku kana koya masa, har ya gane dokin ƙofar nan iyakarsa ce. Ilhana ta riƙa zama a ɓangarenmu a kan 'yar kujera, shi yana kwance a naka, kansa kawai a kan katakon. Ka kafa famfo da sabulu a wurin don hankalina ya kwanta. Idan lokacin maganinta ya yi, sai ka ɓoye wa Garo nasa a cikin cuku ka ce, "Gasa ce. Wanda ya yamutsa fuska shi ne rago." Ranar asibiti ta daina riƙe gado, domin ka gaya mata Garo ba ya karyawa sai ta dawo ta ba shi labari. Idan ta dawo a galabaice, ba ta son kowa ya ce mata sannu. Sai ta je ta ɗora hannu a wuyan Garo. Na sha tsayawa a taga ina kallon yadda numfashinta ke daidaita.

Shekara uku ke nan. Sau da yawa na ɗauko gahawa da niyyar in ce ka yafe mini kalmar nan, sai kunya ta hana ni, in ajiye tire in yi maka zancen sanyi. Yanzu ga shi ina faɗa a takarda, inda ba za ka ji ba. Ka yafe mini, Baffa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa tausayin da ka yi wa dabba da yarinya ya zame maka inuwa ranar da babu wata inuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarka Mersiha da jikokinka, da ɗanka Elvedin. Allah ya ba ku haƙurin rashi.

Elvedin, sauran maganar taka ce, kuma ka yi haƙuri da na sako ta a nan. Kafin ka koma birnin Graz inda kake zaune, na ji ka ce ranar Asabar magina za su zo su toshe ƙaramar ƙofa saboda masu sayen gida, a kai Garo gidan ajiye karnuka. Ban ga laifinka ba, ba ka nan aka yi duk wannan.

Na je wurin limaminmu, ya ce babu laifi in ajiye Garo a tsakar gida. Na share rumfar itace, na shimfiɗa tsohon bargo. Jiya ni da bakina na tsuguna na kira shi, da nama a hannuna. Ya zo har dokin ƙofa ya tsaya, yana kallona yana kaɗa wutsiya, ya ƙi tsallakowa. Mahaifinka ya koya masa da kyau. Na ɗauko shi da hannu, ina sakinsa ya koma. Ilhana ta ce, "Mama, ki bar shi, yana jin maganar Kaka ne." Ranar Litinin ta sake riƙe ƙafar gado.

Ba gidan nake roƙo ba. Ka bar mana karen, ka kuma bar ƙofar a buɗe zuwa ƙarshen hunturu, ko Allah zai sa ya saba da ɓangarenmu a hankali. Ban gaya wa Ilhana zancen Asabar ba, kuma ba na son in yi mata ƙarya idan ta tambaya. Don Allah ka ba ni amsa kafin Juma'a.

Maƙwabciyarku,
Sabaheta Muratović