Turken da ke tsakar gida

Kakata Hajja bandar kifi take yi, don haka tatsuniyarmu a Haɗeja a bakin wutar banda muke jinta. Ana idar da sallar magariba sai mu kewaye ta, hayaƙi na cin idonmu, tana juya tarwaɗa tana magana. In ka katse ta sai ta yi shiru, har sai sauran yara sun rufe ka da faɗa.

Akwai wata tatsuniya da ba na so, don ba dodo a cikinta, ba waƙa. Wai wani masunci ya rasu ya bar wa ɗansa gida a bakin kogi, da jirgi, da wani ƙaton turke a tsakar gida wanda ba a taɓa ɗaure ko akuya a jikinsa ba. Kullum ɗan sai ya yi tuntuɓe da shi. Ranar da haushi ya ishe shi ya tuge shi ya faskara. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya shigo har ɗaki, ya jawo jirgi zai loda iyalinsa, ya rasa inda zai ɗaure shi. Kafin ya fito da yaran, ruwa ya tafi da jirgin.

Na tambaye ta me ya hana uban ya gaya masa amfanin turken. Ta ce, “Maigidana, shi ya tambaya?”

Na girma na karanta kwamfuta, wani kamfanin casar shinkafa a garinmu ya ɗauke ni aiki. Tsohuwar manhaja suke amfani da ita, baƙin allo da koren rubutu, ba ta aiki sai a kwamfutar ofis. Manaja, ɗan mai kamfanin, yana so a mayar da ita kan intanet don wakilansu na Kafin Hausa da Birniwa su riƙa shigar da kaya ta waya. Na ga hikimar hakan, na duƙufa.

Ina cikin aikin na tarar da wata doka a ciki: da tsakiyar damina manhajar ba ta yarda a tura buhu ko ɗaya rumbun ajiyar kamfanin da ke gangare. Ba bayani, wanda ya rubuta ta kuma ya rasu. Na kwafe ta zuwa sabuwar, na roƙi manaja ya ba ni lokaci in bincika. Wakilai suka fara ƙorafi cewa waya ta hana su sauke kaya. Manaja ya kira ni ya ce, “Injiniya, sabon abu na ce ka yi mini. Cire.”

Na cire, wakilai suka cika rumbun da buhuna ana tsakiyar damina. Ruwa bai ma shiga rumbun ba, daga ƙasa ya tsattsafo. Shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta jiƙe ta fara tsiro cikin buhu, kuma yawancinta ajiyar manoma ce. A taro aka ce laifin intanet ne, kowa ya juyo yana kallona.

Da nake yaro na ɗauka wautar ɗan masunci Hajja take nuna mana. Yanzu uban ma haushinsa nake ji, da duk mai kafa abu ya tafi da dalilinsa kabari. Shi ya sa kowace doka na rubuta, sai na ajiye dalilinta a gefe da Hausa ƙarara. Makon jiya manaja ya sake turo mini wata in cire. Na tambaye shi ko ya karanta bayanin, ya ce ya yi tsawo.