Giɓin da ke Gefen Malam Babagana

Kafin injinan kamfanin ruwan leda na Gwange su tashi, Malam Babagana ya riga ya durƙusa gaban wani ɗan famfo da bai fi buta girma ba. Famfon ne ke ɗiga maganin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta cikin tanki, kaɗan-kaɗan. Malam yakan kara kunne ya ji bugunsa, ya duba roba, sannan ya ɗebi kofin farko ya shanye. Sai ya sha ake cika leda.

Da ambaliya ta shanye gari, famfon ya mutu, ga amai da gudawa ana ta jin labarinsu. Mai kamfanin ya sayo wani a kasuwa, sabo fil. Ya Kaltum, wadda ke ɗaure ledoji, tana wurin.

"Malam buɗe shi ya yi," in ji ta, "ya taɓa robar ciki, ya ce, 'Alhaji, wannan na ruwa ne zalla. Magani zai cinye shi, ya daina ɗiga ba wanda ya sani.' Alhaji ya ce na kirkin sai an aiko daga Legas. Malam ya ce, 'To kafin ya zo, ni ne famfon.'"

Haka ya yi ta dama magani da hannu, yana aunawa, yana zubawa, har na kirkin ya iso. Fatar hannunsa ta saɓule. Tari ya kama shi, bai sake shi ba har yau. Warin kulorin kuwa ya zauna masa a jiki, sabulu ya gaza.

A nan kunya take kama ni. A masallacin unguwarmu, duk inda ya tsaya a sahu sai ka ga giɓi a gefensa. Wani ya gyara babbar riga ya matsa, wani ya tuna yana da mura. Yara suna ce masa Baba Bilic, sunan maganin wankin nan mai wari, manya suna murmushi. Mu fita kuma mu sayi ruwansa mu kai wa 'ya'yanmu.

Malam, kai ne ka ɗauki warin don ruwanmu ya sha lafiya, kuma ba ka taɓa yi mana gori ba. Mun gode, Allah ya saka maka, ya yaye maka wannan tari. Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi cewa a'a irin tasa.

Wannan makon yake ajiye aiki. Na tambaye shi me yake so unguwa ta yi masa. Ya yi dariya har tarin ya taso.

"Ba komai," ya ce. "Liman dai kullum yana cewa a cike sahu."