Malam Yahuza da Igiyoyin Hanyar Kasuwa

Da an sallame sallar asuba, Malam Yahuza Labaran ba ya komawa gida. Kekensa yake hawa ya gangara bakin kogin Wudil wajen masunta, daga nan ya bi ta wajen masu lambu. Shekara talatin da biyar tambaya ɗaya yake yi wa kowa: "Me ya hana ka samar da ninkin wannan?" Amsar da aka ba shi da ita yake shiga aji ƙarfe takwas, ya koya mana darasin tattalin arziki a sakandare.

Ra'ayinsa ba shi da wuyar ganewa. Arzikin gari daga hannun manomi da maƙeri da masunci yake fitowa. In ka danne su da haraji za su rage aiki, kai mai karɓa ma ka tashi da kaɗan. In ka sassauta musu kaya za su yawaita, kowa ya samu.

Ni shaida ce, domin mahaifiyata, Inna Murja, ginin tukwane take yi. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta daina kai kaya wata kasuwar ƙauye da ke ci ran Talata. Malam ya biyo ta gidanmu ya tarar ba ta gasa komai ba.

"Inna, lafiya yau babu hayaƙi a gidan nan?"

"Malam, wa zan gasa wa? Igiya huɗu masu karɓar haraji ke gitta mana a hanya kafin mu isa kasuwa, kowacce da rasit ɗinta. Kuɗin ƙasa daban, na sauke kaya daban. In na sayar da tulu goma, shida na masu igiya ne."

Malam bai tsaya a jaje ba. Da aka yi hutun makaranta, Talata shida a jere yana hawa bayan a-kori-kura tare da masu kaya, ya ga abin da idonsa, ya ga rumfunan da aka watse aka bari. Sannan ya rubuta takarda shafi tara ya kai wa kwamitin kasuwar: a kwance igiyoyin, a koma rasit ɗaya, a rage kuɗinsa da rabi.

Shugaban kwamitin dariya ya yi. "Malam, wannan lissafin allo ne. A rage kuɗi kuma a samu ƙari? Koma ka koyar da yara."

"Ranka ya daɗe, ku gwada wata uku. In abin da ke shigo muku ya ragu, ku cike da albashina."

Don su kunyata shi suka yarda. Kafin wata biyu masu albasa daga Indabo sun dawo, masu kaji daga Utai sun dawo, Inna ta koma gashi sau biyu a mako. Rumfuna suka cika har ana baza kaya a ƙasa, abin da kwamiti ke samu ya kusa ninkawa.

To, me aka saka masa da shi? Shugaban da ya yi masa dariya shi ya karɓi lambar yabo, ya yi jawabi na rabin awa bai ambaci sunan Malam ko sau ɗaya ba. Waɗanda suke ci daga igiyoyin nan kuwa suka rubuta takardar ƙorafi wai yana tunzura 'yan kasuwa. Aka jefa shi wata makaranta can lungu, shekara huɗu, ƙarin girmansa ya bi ruwa. Mu da muka ci moriyarsa muka yi shiru. Wannan shirun har yau yana ci mini rai.

Watan jiya ya yi ritaya. Mu goma sha ɗaya ne a wajen walimar. Kujerun gaba da aka tanadar wa manyan baƙi babu wanda ya zauna a kai. Agogon bango aka miƙa masa, ko batir babu. Na kasa haƙuri na ce, "Malam, wallahi an zalunce ka."

Ya ce, "Radiyya, bar wannan. An ce mini an sake ɗaura igiya ɗaya a hanyar nan. A kanta za ki yi fushi."

Malam, kai ne ka ɗauki ilimin littafi ka kai shi gindin rumfa. Kai ne ka sa abincin gidanka a kan gaskiyar da ka yarda da ita, a lokacin da masu manyan digiri ke sa hannu a kan sabon haraji daga cikin ofis mai sanyi, ba su taɓa tambayar mai tulu nawa ya rage mata ba. Mai kwance igiya, mun gode. Da kuɗin tukwanen nan aka kai ni jami'a. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya.

Ku kuma da kuka karanta tattalin arziki kuka rataye takardar digirin a falo, ku yi koyi da shi. Malam ya ce Talata mai zuwa zai je ya ga sabuwar igiyar, ya ji wa ya ɗaura ta. Shekararsa sittin, gwiwa ɗaya tana damunsa. Ni dai zan je. Kada mu sake barinsa ya tsaya shi kaɗai.